Tambaya da Amsa: Shin Ya Dace Ƙasa Mai Fama da Bashi Ta Zuba Kuɗi a Sararin Samaniya?

A wannan fitowar wasiƙu uku ne suka taru a kan magana ɗaya, dukkansu daga cikin garin Jos, saboda haka muka haɗa su wuri guda.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne a Jos, shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da labarin ƙasa. A makon jiya gardama ta kaure a ɗakin malamai game da hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA. Wani abokin aikina ya dage cewa aikin gwamnati shi ne tsaro da shari'a da hanya da makaranta da asibiti, duk abin da ya wuce nan shisshigi ne, don haka a rufe hukumar a mayar da kuɗin ga ilimi. Ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ko a Amurka mai arziki akwai masu neman a rage wa hukumar binciken sararin samaniyarsu, wato NASA, kuɗi. Ni dai zuciyata tana tare da kimiyya, amma ajin da nake shiga ɗalibai sun haura tamanin, rufinsa kuma yana yoyo da damina, sai na rasa abin da zan ce masa. Ina roƙon ka warware mana.

Daga wani malami, Nasarawa Gwong, Jos.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan shekarun da ka ba 'ya'yan mutane. Abokin aikinka ba maganar banza ya yi ba. Ra'ayin cewa gwamnati ta tsaya a kan 'yan ayyuka kaɗan ta ƙware a kansu tsohon ra'ayi ne mai ƙarfi, kuma tushensa shi ne cewa kuɗin baitulmali gumin talaka ne, wanda aka ɗora a kansa kuwa mai riƙon amana ne. A Amurka wannan ra'ayi yana cikin kundin tsarin mulkinsu, domin gyara na goma ya ce duk ikon da ba a miƙa wa gwamnatin tarayya ba yana hannun jihohi ko jama'a. Mu a nan sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Kuma mun san ciwon yawan hukumomi, tun da kwamitin Stephen Oronsaye ya ƙirga hukumomi da ma'aikatun tarayya 541 a rahotonsa na 2012, ya kuma ba da shawarar a haɗe wasu a soke wasu. Wanda ya ga wannan adadi ya ce a rage, bai yi laifi ba.

Inda zan rabu da abokinka shi ne wajen lissafi. Mu fara da Amurka da ya kawo misali da ita. An kafa NASA a 1958, shekara guda bayan Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a watan Oktoban 1957. A tsakiyar shekarun 1960, lokacin da ake tseren zuwa duniyar wata, NASA tana cin fiye da kashi 4 cikin ɗari na kasafin tarayya. Yau kuɗinta kusan dala biliyan 25 ne a shekara, cikin kasafin da ya haura dala tiriliyan 6, wato a cikin kowace dala ɗari da gwamnatinsu ta kashe, rabon NASA bai cika rabin dala ba. Manyan masu cin kasafin su ne fansho na tsofaffi da inshorar lafiya da soja da kuɗin ruwan bashi, wanda shi kaɗai ya haura dala biliyan 800 a 2024. Wanda ke neman rage girman gwamnatin Amurka da gaske, ko ya rufe NASA baki ɗaya, giɓin kasafin ba zai san an taɓa shi ba.

Wannan gardama ta tuwo ko roka ta daɗe a can. Ana gobe za a harba kumbon Apollo 11 a watan Yulin 1969, Ralph Abernathy, wanda ya gaji Martin Luther King a jagorancin ƙungiyarsu ta neman 'yancin baƙar fata, ya jagoranci iyalai matalauta da kekunan alfadari zuwa filin harba kumbon a jihar Fulorida, don nuna cewa ana tafiya wata alhali akwai masu kwana da yunwa. Shugaban NASA na lokacin, Thomas Paine, ya fito ya same su, ya kuma shaida masu cewa da fasa tafiyar zai magance matsalolin da suka kawo, da an fasa. Ina kawo wannan ne saboda shi ne ainihin abin da ya kamata ku duba a ɗakin malamai: idan an rufe hukumar, shin kuɗin zai iso rufin ajinka?

A tsarinmu da wuya ya iso. Makarantun firamare da mafi yawan na sakandare nauyin jihohi ne da ƙananan hukumomi, waɗanda suke karɓar kashi 26.72 da kashi 20.60 cikin ɗari daga asusun tarayya, ita kuma gwamnatin tarayya kashi 52.68. Akwai kuma kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, da dokar 2004 ta ware domin gina azuzuwa da gyara su, wanda sharaɗin karɓarsa shi ne jiha ta kawo nata kason, kuma shekara da shekaru ana samun jihohin da suke barin biliyoyin naira a ajiye saboda ba su kawo ba. Yoyon ajinka ya fi kusa da wannan matsala fiye da yadda yake kusa da kowane tauraro. Sannan ka dubi girman abubuwan da ake gwadawa. NigeriaSat-1, tauraronmu na farko, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera aka harba shi daga Plesetsk a Rasha a watan Satumban 2003, ya ci kimanin dala miliyan 13. Tallafin man fetur a shekarar 2022 kaɗai ya ci kusan dala biliyan 10, wato fiye da ninki ɗari bakwai. A kasafin 2025 na naira tiriliyan 54.99, fiye da tiriliyan 14 biyan bashi aka ware wa. Wanda ke neman inda ruwa ke tsiyaya a randar gwamnati, a nan zai fara dubawa.

Sai dai ƙanƙantar kuɗi ba ta isa hujja ba, domin ɓarna ɓarna ce ko ta sisin kwabo ce. Ma'aunin da nake ganin ya kamata a ɗora kowace hukuma a kai, kuma shi ne ma'aunin da masu ra'ayin taƙaita gwamnati suka yarda da shi, shi ne wannan: shin aikin yana amfanar kowa da kowa, kuma shin ɗan kasuwa zai iya yinsa ya ci riba? Hasashen yanayi misali ne mai kyau. Idan aka sanar a rediyo cewa damina za ta makara, manomin dankalin Turawa a Bokkos da mai noman acca a Langtang da makiyayi a Wase duk sun amfana, ba wanda za a iya toshe wa kunne don bai biya ba, saboda haka babu ɗan kasuwar da zai ɗauki nauyinsa shi kaɗai. Irin wannan aiki yana kama da abin da malamanmu ke kira farali na kifaya, wanda dole wani ya ɗauke wa al'umma, in kuwa kowa ya bari, kowa ya yi asara. Taswirar ƙasa da sa ido a kan ambaliya da kwararowar hamada da sare dazuzzuka da tsaron iyakoki duk a wannan sahu suke, kuma a zamanin nan da taurarin ɗan'adam ake yin su.

Kai da kake koyar da labarin ƙasa ka fi ni sanin Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, bayan farin shekarun 1970 da 1980 kuwa ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan. Masuntan Baga sun ga ruwa yana janyewa a gabansu, amma hotunan taurarin Landsat, waɗanda Amurka ta fara harbawa a 1972, su ne suka nuna wa duniya girman abin baki ɗaya, shekara bayan shekara. Haka nan a nan Filato, kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru da Barikin Ladi da kewaye, da gidajen da ake ta ginawa a kan hanyar ruwa irin waɗanda ambaliyar 2012 ta ci a Rikkos, duk abubuwa ne da ake ganinsu ƙarara daga sama kafin su zama makoki.

Misalin da ya fi kama hankalina shi ne na Indiya, wadda ta kafa hukumarta ta sararin samaniya a 1969 tana cikin talauci mai tsanani, aka kuma yi ta yi mata irin wannan gori. A 1999 wata mahaukaciyar guguwar teku ta afka wa jihar Odisha ta kashe kimanin mutum dubu goma. A 2013 wata guguwar mai ƙarfi, Phailin, ta nufo jihar, amma taurari sun gano ta tun da sauran kwanaki, aka kwashe kusan mutum miliyan ɗaya, waɗanda suka rasu ba su kai hamsin ba. Abin lura a nan shi ne tauraron bai ceci kowa shi kaɗai ba. Abin da ya yi aiki shi ne sarƙar da ta haɗa hoton da masanin yanayi, da gwamnan jiha, da gidan rediyo, da motar da ta zo ƙauye, da ginin da aka tanada don fakewa. Mu kuwa a 2022 hukumomin hasashen yanayi da na kula da koguna sun yi gargaɗi tun kafin damina ta yi nisa, duk da haka ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu. Sanin yana nan a Abuja, amma bai sauko ya zama mataki a ƙofar mai unguwa ba. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai a duk lokacin da aka tayar da maganar nan, domin mun biya kuɗin ido mun kasa biyan kuɗin ƙafa.

Don haka hukuncina shi ne a ci gaba da ba da kuɗi ga ɓangaren da ke kallon ƙasa daga sama da kuma horar da masana, amma bisa sharuɗɗa. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta riƙa tambayar hukumar kowace shekara, kafin a amince da kasafinta, jihohi nawa ne da ma'aikatu nawa suka yi amfani da bayananta, kuma a wane aiki. A buɗe hotunan kyauta ga jami'o'i da ma'aikatun gona da na tsara birane, kamar yadda Amurka ta buɗe na Landsat tun 2008, abin da ya sa masu amfani da su suka ninka sau da yawa. Kuma kada kuɗin ya ƙare a albashi da ofisoshi da motoci alhali kayan aikin suna tsufa, domin NigeriaSat-2 da aka harba a watan Agustan 2011 shekara bakwai aka ƙera shi ya yi, wa'adin da ya cika tun 2018. Hukumar da ta kasa cika waɗannan, to abokin aikinka ya yi gaskiya a kanta.

Akwai kuma abin da ke kusa da kai. Cibiyar ƙasa ta nazarin hotunan tauraron ɗan'adam, ɗaya daga cikin cibiyoyin NASRDA, a nan Jos take, cibiyar auna motsin ƙasa kuma tana Toro a jihar Bauchi, tafiyar ƙasa da awa guda. Ka rubuta takarda ta hannun shugaban makarantarku ka nemi a ba ɗalibanka damar kai ziyara, ka tafi tare da abokin gardamar taka, ku tambayi ma'aikatan abin da suka yi wa Filato a bana. Amsar da za ku ji za ta fi tawa nauyi, ko ta goyi bayanka ko ta goyi bayansa.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. Ni ɗalibar kimiyyar kwamfuta ce a jami'a. Ina ganin yanzu kamfanoni irin su SpaceX suna harba roka da arha fiye da gwamnatoci, ga Starlink, mai sayar da intanet ta tauraron ɗan'adam, kuma ta shigo har ƙauyuka. Me zai hana gwamnati ta cire hannunta baki ɗaya ta bar wa 'yan kasuwa?

Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA

'Yata, tambayarki ta taɓo wurin da nake ganin masu son a taƙaita gwamnati suka fi ƙarfin hujja. Sayar da intanet da layin talabijin kasuwanci ne, akwai mai saya akwai mai sayarwa, kuma ana iya yanke wa wanda bai biya ba. Tarihinmu a wannan fanni yana da darasi. An harba tauraron sadarwarmu NigComSat-1 daga ƙasar Sin a watan Mayun 2007 bayan an kashe masa fiye da dala miliyan 200, sai ya daina aiki a watan Nuwamban 2008 saboda faifansa na tara hasken rana ya lalace. An maye gurbinsa da NigComSat-1R a watan Disamban 2011, wanda aka ƙera don ya yi shekara 15. Lalacewar tauraro ba abin kunya ba ne, tana faruwa ga manyan ƙasashe ma. Tambayar ita ce ko ya dace baitulmali ya ɗauki irin wannan kasada a kasuwar da kamfanoni ke gogayya a cikinta da kuɗinsu. A ganina gwamnati ta riƙe iya abin da soja da jami'an tsaro ke buƙata don kada sirrin ƙasa ya dogara ga baƙo, sauran kuwa ta shigo da masu zuba jari, ta tsaya a matsayin mai sa doka da kare mai saye. Mun ga yadda wayar tarho ta kasance a hannun gwamnati, da yadda ta koma bayan an ba kamfanoni lasisi a 2001.

Amma kada ki ɗauka waɗannan kamfanoni daga sama suka faɗo. SpaceX tana gab da durƙushewa a 2008, bayan rokokinta uku na farko sun gaza, lokacin da NASA ta ba ta kwangilar dala biliyan 1.6 don kai kaya tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Ilimin roka da take aiki da shi kuma an tara shi ne da kuɗin haraji tsawon shekara hamsin kafin a kafa ta. Haka GPS, tsarin gano wuri ta taurarin ɗan'adam da ke cikin wayarki, wanda direbobi da masu safiyo da jiragen sama suke dogara da shi, sojan Amurka ne suka gina shi, kuma gwamnatinsu ce ke biyan kuɗin kula da shi har yau, duniya tana amfani kyauta. Abin da ya canja shi ne gwamnati ta koma mai sayen aiki bisa farashi tsayayye maimakon ta ƙera komai da hannunta, kuma wannan dabara ce da ya kamata mu koya.

Game da Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, ta farko a Afirka, amfaninta a fili yake. Sai dai ƙasar da ba ta da injiniyoyin da suka san yadda abin yake aiki ba za ta iya yin ciniki da irin wannan kamfani ido da ido ba, sai dai ta sa hannu a kan abin da aka miƙo mata. Shi ya sa nake ganin mafi darajar abin da muka samu a 2011 shi ne tauraron NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu a lokacin da ake horar da su a Ingila. Irin waɗannan mutane, da irinki idan kin kammala, su ne ya kamata kasafin ya riƙe kada su watse zuwa ƙasashen waje.

TAMBAYA TA UKU

Ranka ya daɗe, na ji an taɓa cewa Nijeriya za ta aika ɗan sama jannati. Shin wannan ba zai ɗaga martabar ƙasa ba?

Daga wani ɗan kasuwa, Farin Gada, Jos.

AMSA

Alhaji, gaskiya ne an faɗa. A 2016 ministan kimiyya da fasaha na lokacin, Ogbonnaya Onu, ya ce ana fatan aika ɗan Nijeriya sararin samaniya kafin 2030, kuma a watan Disamban 2022 Nijeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta haɗin kai wajen binciken duniyar wata. Sha'awar ba baƙuwa ba ce a gare mu. Kakanninmu sun sa wa taurari suna, Zara matar wata da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta, suna kuma lissafin damina da su. A farkon shekarun 1960 NASA tana da tasha a Kano da ke bibiyar kumbunanta, har da na John Glenn da ya zagaya duniya a watan Fabrairun 1962. A watan Agustan 1963 kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shugaba Kennedy suka yi magana ta tauraron Syncom 2, karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka zanta ta wannan hanya.

Duk da haka ban goyi bayan a taɓa kuɗin baitulmali don wannan tafiya ba a halin da muke ciki. Mu ba mu da rokar da za ta ɗauki mutum, saboda haka kujera za mu saya a kumbon wasu, kuma kujera ɗaya zuwa tashar sararin samaniya tana cin gomman miliyoyin daloli, kuɗin da ya isa a ƙera taurarin kallon ƙasa irin NigeriaSat-1 fiye da ɗaya. Mutumin zai je ya dawo, a yi masa tarba a Abuja, amma manomin da kake sayen kabeji da karas a hannunsa ba zai ga canji a gonarsa ba. Idan wata ƙasa ko wani kamfani ya ɗauki nauyin kujerar, ko attajiranmu suka haɗa kuɗi suka biya, ina maraba da hakan, kuma zan so a zaɓi matashin masanin kimiyya ta hanyar jarrabawa a bainar jama'a, wanda zai dawo ya zagaya makarantu irin ta malamin da ya aiko tambaya ta farko.